Tsakanin Biru da Biiru

Ku yaran nan da kuke danna waya ta fassara muku magana, har kuke cewa tafinta aikin zaune ne, ku matso. Na san rabinku da Larabci za ku amsa mini, ba komai, kunnenku dai yana jin Hausa. Shekaranjiya Faisal ɗan maƙwabcina ya ce mini, "Ya ammi, shugul ɗinka ai sahal ne, wannan ya faɗa, ka faɗa wa wancan." Wato wai aikina mai sauƙi ne. Ni ma haka na zata ranar da na fara.

Na zo Madina a ƙarshen shekarun saba'in daga Zariya, da takardar sakandare da Turancin da nake taƙama da shi. Wata sharika ta Japan, wato kamfani, ita ce ta samu kwangilar kafa tashar turo ruwa can gaba da Bi'ir Ali, bayan iyakar Harami, inda injiniyoyinsu za su iya zama tunda ba Musulmi ba ne. Suna neman wanda ya iya Turanci, ya iya Larabcin kasuwa, ya kuma iya magana da leburori, waɗanda yawancinsu namu ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Aka yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, aka ba ni a-kori-kura, na kama ɗaki a unguwar Aƙiƙ. Japananci kuwa ko kalma ɗaya ban sani ba, kuma ban ga dalilin sani ba. A ganina wanda ya iya Turanci ya gama da harsunan duniya.

Aikina na farko aike ne. Ustaz Hamza, mudiri, wato manajan da ke kula da kwangilar ta ɓangaren Saudiyya, ya ce in kira masa babban injiniya, Mista Ono. Na shiga fili na ware murya na kira sunan yadda na gan shi a rubuce, da bakin Turanci: "Ou nou." Ba Bajapane ɗaya da ya waiwayo. Wanda ya fito a guje shi ne wani Baturen Ingila, Mista Palma, mai duba ingancin aiki, yana tambayar me ya fashe. A Turanci abin da na faɗa shi ne abin da ake faɗa idan an yi ɓarna.

Da aka gane abin da nake nema sai aka nuna mini mutum biyu. Ɗaya ƙato ne, kafaɗa kamar ƙofar gareji. Ɗayan ɗan dattijo ne siriri, yana tsugune yana leƙen ƙasan inji. Na ce a raina babba ai ba ya ɓuya, na ɗauki ƙaton na kai wa mudir. Ustaz Hamza ya yi ta bayani cewa yana so a gama layin bututu na farko kafin aikin Hajji, ina juyawa zuwa Turanci, ƙaton yana rusunawa yana cewa, "Hai. Hai." Na tambaye shi ma'anar hai, ya ce "yes". Na ce wa mudir sun amince. Ya yi murna har ya sa aka kawo gahawa da dabino.

Ƙaton nan bai fi 'yan watanni da gama makaranta ba, ko izinin sayen ƙusa ba shi da shi. Kuma hai ɗinsa "ina jin ka" take nufi, ba "na yarda" ba. Babban injiniya shi ne ɗan dattijon. A takarda sunansu ɗaya, amma a baki yaron Ono ne, dattijon kuwa Oono. Sai da dattijon ya yi ta zarya zuwa ofishin mudir kafin aka warware alkawarin da ba wanda ya yi. Ni kuma na fara tunanin abin da zan gaya wa mutanen Zariya idan aka sa ni a jirgi.

Dattijon bai kore ni ba. Ya kira ni ofishinsa, ya ɗauki fensir ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu: "O, no." Ya sake ƙwanƙwasawa sau uku: "O, o, no." Ya miƙo mini fensirin.

"Garuba-san," haka yake kirana, don Garba ba ya fita a bakinsu sai sun ƙara wasali. "Faɗi sunan babban birninmu."

Na ce, "Tokiyo."

Ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa. Ya ƙwanƙwasa sau huɗu: to, o, kyo, o. Sannan ya ba ni wani ɗan littafin gaisuwa da aka rubuta da haruffan boko ya ce in karanta. Na ga kite na ce "kait". Na ga made na ce "meid". Na ga dame na ce "deim". Ya karɓe littafin a hankali, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ban sake ganin littafin ba.

Abin da ya cece ni faɗa ne. Wata rana muna cacar baki da wani lebura a kan wanda ya bar tiyo a rana, Oono ya tsaya yana saurare, kansa a karkace. Da muka gama ya ce wane harshe ne wannan. Na ce namu ne na gida. Ya ce a cikinsa akwai kalmomi biyu da ba abin da ya raba su sai jan wasali? Na yi tunani na ce akwai gari da ake zama a ciki, akwai gari na tuwo, na faɗa masa su ya ji. Ya ce akwai waɗanda hawa da saukar murya ne ya raba su? Na ce akwai kuka na hawaye, akwai kuka ta miya.

Ya ce, "Kana da ƙofa a gidanku wadda ta buɗe kai tsaye zuwa gidanmu. Me ya sa kake zagayawa ta Ingila?"

Daga ranar na gane sana'ar. Bature in ya kama kalma, gaɓa ɗaya yake dannewa da ƙarfi, ya haɗiye sauran. Bajapane kuwa kowace gaɓa yana ba ta haƙƙinta daidai, ba a fifita wata. Wasalinsu biyar ne, irin namu, a, i, u, e, o, yadda ka gan su haka za ka faɗe su. Inda aka ja, madda ce. Inda aka ninka baƙi, shadda ce. Duk wanda malamin allo ya taɓa zane shi a kan madda da shadda ya yi rabin karatun. Kite, zo. Kiite, saurara. Kitte, kan sarki na wasiƙa. Ame da saukar murya ruwan sama ne, da hawan murya alewa ce. Har kayan aikin da suka aro daga Turanci sun lanƙwasa su irin yadda muka lanƙwasa: mu mu ce sufana, su ce supana; mu ce tebur, su ce teeburu; mu ce taya, su ce taiya.

Kayan aikin tafinta ba su da yawa. Na farko kunne. Na biyu, a wajena, wata 'yar rikoda da Oono ya ara mini, da kaset ɗin da ya cika da muryarsa. Na uku sitiyarin mota, don a kansa nake buga gaɓoɓi. Na huɗu fuska, wadda dole ka koya mata zama shiru ko me kunnenka ya ji. Kullum da safe in na taso daga Aƙiƙ sai na maƙale a cunkoson Bi'ir Ali, bas-bas cike da alhazai sun ɗaura harami suna talbiya, ni kuwa ina bugun sitiyari ina to-o-kyo-o. Wani askari mai ba da hannu ya taɓa leƙo kansa ta taga ya tambaye ni wane wuridi ne wannan. Na ce na neman abinci ne. Ya ce Allah ya karɓa, ya ba ni hanya.

Akwai ranar da Isufu, wani ɗan Maraɗi mai ɗaure bututu, ya kusa rasa aikinsa a kan kalma biyu. Ono ƙato yana saman inji ya miƙo hannu yana neman sufana, alhali an riga an miƙa masa tana gefen ƙafarsa. Isufu ya ce, "Ai na ba ka." Ono ya diro ƙasa, fuska ta yi ja. A harshensu baka wawa ne, kuma ba ƙaramin zagi ba ne daga lebura zuwa injiniya. Ono ya ɗaga murya ya ce, "Dame," wato wannan ba daidai ba ne. Isufu ya ce, "Da me kuwa? Da hannuna na ba ka." Ya ƙara masa wata.

Na shiga tsakani na warware musu. Ono ya ji kunya, ya rusuna wa Isufu har sau biyu. Ni ne na ga bai kamata wannan ilimi ya tsaya a wajen mutum uku ba, na bayyana wa sauran leburori a wajen cin abinci. Washegari kowa ya zama mai kyauta. Wannan ya kawo wa Ono dabino, na ba ka. Wancan ya kawo shayi, na ba ka. Yaron ba wawa ba ne. Kafin mako ya zagayo shi ma ya sayo alewa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa da murmushi yana cewa, "Baka. Baka." Har aka gama kwangilar ba wanda ya iya tantance ko kyauta ake yi ko zagi.

Shekaru suka tafi a haka, har bakina ya nuna. Sai shekarar da farashin mai ya faɗi, a tsakiyar shekarun tamanin. Ku ba ku san irinta ba. Kwangiloli suka tsaya cak, sharikoki suna naɗe kaya, kullum sai ka ji an kai wasu filin jirgi. Iƙamarka tana ɗaure da aikinka, in aiki ya mutu kai ma ka tafi. Kuma idan za a rage ma'aikata, wanda ba ya riƙe sufana ake fara dubawa.

A wannan shekarar Mista Palma ya same ni a inuwar tanki. Kamfaninsu na Ingila zai rufe, yana so Japanawa su ɗauke shi. An gama sabon ginin ofis mai hawa uku, shugaban sharika zai zo daga Japan a buɗe, shi kuma yana so ya yi ɗan jawabi da Japananci don ya shiga ransa.

"Garba, jimla biyar kawai. Ka rubuta mini da boko in haddace."

"Mista Palma, in na rubuta maka da boko, da Turanci za ka karanta. Sai dai mu fara da Hausa."

"Me ya haɗa ni da Hausa?"

"Ita ce hanya mafi kusa. Ni ma ta nan na bi."

Ya yarda, don ba shi da zaɓi. Gaskiya ce na faɗa masa, amma ba zan ce ban ji daɗin aikin ba. Mutumin nan ya shekara bakwai yana gyara mini Turanci a gaban jama'a. Na zaɓa masa rago na layya da rago mai ƙyuya, na ce sai ya raba su, kuma koyo a ɗaki ba ya kama baki, sai a fili. Haka ya riƙa tsayawa gaban leburori da hular rana yana cewa, "Ni rago ne," su kuma su yanke hukuncin wanne ya faɗa. In ya ja su ce Allah ya kai mu Sallah. In ya gajarta su ce ai mun daɗe da sani. Da ya gane ma'anar sai da ya yini bai yi mini magana ba, amma kunnensa ya buɗe. Ya dawo muka ci gaba.

Jimla huɗu ya kama su tsaf. Ta biyar ce mai haɗari. Yana so ya ce wannan gini duk mu muka haɗu muka yi shi. Gini irin wannan a harshensu biru ne, gajere, kamar ka taɓa tukunya mai zafi ka janye. In ka ja shi ya zama biiru, giya ke nan. Bakin Bature kuwa da kansa yake jan gaɓar farko. Na ce mu sauya kalmar, ya ƙi, wai ya riga ya haddace. Muka yi ta bugun tebur har ya daidaita.

Ranar buki aka kafa rumfa, aka shimfiɗa darduma. Shugaban ya zo, tsoho mai fuska kamar an sassaƙa ta da dutse, Japanawa duk suna tsaye ƙiƙam a bayansa. Ustaz Hamza yana gaba da manyan baƙinsa. Ni ina gefensa, ina juya masa kowace jimla zuwa Larabci. Palma ya tashi. Jimla ta farko lafiya, ta biyu lafiya, haka zuwa ta huɗu, har na ga shugaban ya ɗan gyaɗa kai. Ganin haka sai Palma ya ji daɗi, ya buɗe hannuwa ya nuna ginin da jama'a, ya sa murya irin ta masu jawabi, ya ce, "Kono biiiru."

Ya sanar da shugaban sharika, a ƙasar Saudiyya, a gaban hukuma, cewa wannan giya duk mu muka haɗu muka dafa ta.

Oono ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ono ƙato ya cusa hankici a baki. Sai fuskar dutsen nan ta tsage. Tsohon ya fashe da dariya har yana dukan gwiwa, hawaye na zuba, kuma da yake shugaba ya yi, sai duk suka saki tasu.

Ustaz Hamza ya juyo ya dube ni. "Esh gal? Me ya ce?"

"Ya ce wannan gini duk mu muka haɗu muka yi shi."

"To mene ne abin dariya a gini?"

Nan ne sana'ar take, Faisal, ba a waya ba. In na faɗi abin da ya fito daga bakin Palma, kalmar giya ta shiga kunnen manyan baƙi, gobe a zo binciken sansani, wataƙila a rufe kafin a gane wasali ne. In na yi shiru, mudir ya ɗauka da shi ake. Na gyara fuska na ce, "Ya Ustaz, al'adarsu ce. In an yabi sabon abu sai a yi dariya, don kada baki ya kama shi."

Ya ce, "Wallahi suna da hankali." Ya juya ya raɗa wa na kusa da shi, wannan ya raɗa wa na gaba. Sai ga manyan baƙi suna cewa masha Allah suna dariya, da farko ta ladabi, daga baya ta gaske, don dariya ba ta buƙatar tafinta. Palma yana tsaye yana rusunawa hagu da dama, ya tabbata ya yi abin kirki. Daga ranar, duk lokacin da Ustaz Hamza ya yaba wa Bajapane sabuwar mota ko sabon agogo, sai ya bi da ha-ha-ha guda uku, su kuma su rusuna su ɗauka al'adar Larabawa ce.

Shugaban ya ɗauki Palma. Ya ce mutumin da ya sa shi dariya a irin wannan shekara ba a barinsa. Suka tura shi wata ƙasa. Mu kuwa bayan 'yan watanni aka miƙa tashar ga hukuma, sansani ya watse. Isufu ya koma Maraɗi. Oono ya bar mini rikodar ya hau jirgi. Tafintan Japananci a garin da babu Bajapane ko ɗaya, ku faɗa mini inda zai kai kayansa.

Wani dattijo ɗan ƙasa, wanda kakanninsa suka zo daga Barno da ƙafa, shi ya karɓi iƙamata ya sa ni a kantinsa kusa da Masallacin Annabi. Rediyo muke sayarwa da agogo da rikoda, duk na Japan. Na ce to, a nan ilimina zai yi amfani. Alhaji na farko da ya shigo, Bakano, ya nemi agogo, na ɗauko na faɗa masa sunan kamfanin yadda masu shi suke faɗa. Ya ajiye ya ce shi na asali yake so, ba mai kama da sunan ba, ya shiga kantin gaba ya sayi irinsa sak. Mai kanti ya ce, "Ya Garba, ka bar wa Japan Japanancinsu, ka faɗa yadda mai kuɗi ke faɗa." Haka na koma ina ɓata sunayen da na sha wuyar gyarawa, ciniki kuwa ya tafi daidai.

Ina cikin wannan hali, wata rana bayan la'asar, jama'a na fitowa daga masallaci, sai wata tsohuwa ta zauna a dakalin kantinmu tana matsa ƙafa. Mijinta na tsaye da 'yar jaka yana waige-waige. Na ɗauka 'yan Malesiya ne, sai na ji ta ce masa ƙafarta na ciwo, da harshen da na yi wata da watanni ban ji ba. Musulmin Japan ne, sun zo ziyara, sun ɓace wa otal ɗinsu.

A harshensu obasan inna ce, matar da ba ta wuce tsakiyar shekaru ba. Obaasan kuwa kaka ce. Matar nan ta haura saba'in, ba tantama. Na fito da kujera da ruwan sanyi, na rusuna na ce, "Obasan, lafiya kuwa?" Na gajarta shi sarai.

Suka zuba mini ido, baƙin mutum da jallabiya a tsakiyar Madina yana Japananci. Mijin ne ya fara farfaɗowa. Ashe tsohon malamin makaranta ne, gyara ya zame masa jiki. Ya ce, "Ka iya ƙwarai. Sai dai kuskure ɗaya. Obaasan ake cewa, a ja. Jikokinta shida."

Matar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta karɓi ruwan ta ce, "Rabu da shi. Tun da muka baro gida ban ji wanda ya yi magana daidai ba sai wannan."

Na raka su otal, washegari na kai su Ƙuba da Uhudu. Da suka koma suka ba wasu sunana, waɗannan suka ba wasu, har wani ofishin masu kai baƙi ziyara ya neme ni. Japanawa masu zuwa ba su da yawa, amma ba su da kowa sai ni, kuma da wannan na ci abinci har na ajiye aiki.

A ƙofar otal ɗin, ranar farko, tsohon ya riƙe hannuna. Abin yana cinsa. Ya ce, "To ni fa, me za ka kira ni?" Ojisan kawu ne, ojiisan kaka. Na dubi matar, ta ɗaga mini gira. Na cika ƙirji da iska na ce, "Ojiiii," na yi ta ja, sai da ta ce ya isa haka sannan na ƙarasa masa da san.